Bakin Jakara: Daga Kurmin Tsafi Zuwa Ruwan Masana'antu

Kafin Kano ta zama birnin ciniki, garin masu haƙar ma'adini ce. Tama ce ta jawo maƙera zuwa gindin Dutsen Dala, kuma binciken masana kimiyyar tono kayan tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Kusa da dutsen akwai wata fadama mai ruwa kwance, wato Jakara. Tsohon kundin Tarihin Kano ya ambace ta a matsayin kurmi mai baƙin ruwa, wanda mutanen Dala suke tsoro suke kuma girmamawa a zamanin tsafi.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka kafa Kasuwar Kurmi a bakin wannan ruwa. Da Bature Clapperton ya zo Kano a 1824, ya tarar fadamar ta raba birni biyu, kasuwa kuwa tana ci a kan wani siririn tudu da ya ratsa ta, wanda ruwa kan shanye da damina. Agwagi da sauran tsuntsayen ruwa suna nan birjik, amma tun a lokacin dattin gidajen birni a cikinta yake ƙarewa.

Sauyi mafi girma ya zo ne da masana'antu. Ya kamata ɗalibi ya lura da shimfiɗar ƙasar Kano a nan. Ruwan Sharaɗa da na Challawa kudu yake gangarawa, zuwa Kogin Challawa. Na Bompai kuwa rafin Getsi yake bi, ya haɗu da Jakara, su zarce tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976 domin noman rani. Ke nan tafkin da aka yi wa manoma shi ne ya zama matattarar ruwan masaƙu da majemu.

To, jima ai tsohuwar sana'a ce a Kano, me ya bambanta ta zamani? Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, ita kuwa tsiro ce, ƙwayoyin halitta na cikin ruwa suna iya ruɓar da abin da ta bari. Majemar zamani tana amfani da gishirin kuromiyam. Shi kuromiyam ƙarfe ne, kamar dalma, ba ya ruɓewa komai daɗewa. Yakan lafe a jikin laka ya kwanta a ƙasan tafki. Idan aka yi ban-ruwa da irin wannan ruwa, wani kaso yakan taru a ƙasar gona, kayan lambu irin su latas da alayyafo su ɗauki wani. Wanke ganye yana kawar da ƙura da wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta zuƙa. Bai dace a ɗora wa manomi laifi ba, domin da rani ba shi da wani ruwan da ya fi wannan kusa.

A 1991 hukumar kare muhalli ta tarayya ta lokacin, FEPA, ta wajabta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Daga baya masana'antu da yawa a Bompai sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da tsadar aiki, sai dai ƙarfen da ya riga ya kwanta a laka bai tafi tare da su ba. A cikin birni kuma, a 2013 aka fara aikin rufe kwarin Jakara da kankare domin shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa.