Zaɓen Tubalan Ginin Duniyar Almara a Wasan Dungeons & Dragons

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tattauna yadda Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya sanya masu rigar Hausa a cikin Magana Jari Ce. Wannan matsala ta zaɓen tushe da sarrafa shi ba ta tsaya ga rubutaccen zube kaɗai ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda matsalar ta kasance a wani nau'in wasa da ya samo asali daga Amurka, wato wasan kwaikwayon kan tebur, tare da fito da ma'aunan da akan bi wajen zaɓen tubalan gina duniyar da ake yin wasan a cikinta.

2.0 Yanayin Wasan

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda: mayaƙi ko matsafi ko makamancinsu. Mutum ɗaya shi ne jagoran wasa. Shi ke bayyana wurin da taurarin suke da abin da ya tunkaro su, su kuma su faɗi matakin da za su ɗauka. Ana jefa ƙwayoyi irin na lido, masu fuska 4 da 6 da 8 da 12 da 20, domin a san ko matakin ya yi nasara.

Bambancin wannan da tatsuniya shi ne, mai tatsuniya ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", amma jagoran wasa bai sani ba. Wasa ɗaya yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Saboda haka abin da jagora yake tanada shi ne duniya sukutum: taswira da garuruwa da sarautu da tarihi da dodanni da dokokin sihiri. Blackmoor ta Arneson da Greyhawk ta Gygax su ne na farko daga cikin irin waɗannan duniyoyi.

3.0 Tushen da Magabata Suka Ɗebo

A ƙarshen littafin Dungeon Masters Guide na 1979, Gygax ya kawo jerin marubutan da suka yi masa tasiri, a wani rataye da ya shahara da sunan Appendix N. Abin lura shi ne, kowane tushe da irin aikin da aka ɗora masa. Daga littafin The Dying Earth na Jack Vance, wanda ya fito a 1950, aka samo dokar sihiri: matsafi yakan haddace ƙayyadaddun kalmomin tsafi, da zarar ya furta ɗaya sai ta goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai ya sake haddace ta. Daga Poul Anderson da Michael Moorcock aka samo raba halittu tsakanin ɓangaren doka da ɓangaren hargitsi. Labaran Conan na Robert E. Howard, waɗanda suka fara fitowa a 1932, sun samar da jarumi mai neman dukiya da kaifin takobi, yayin da birnin Lankhmar na Fritz Leiber ya samar da ƙungiyar ɓarayi mai shugabanni da dokoki. Daga J. R. R. Tolkien kuwa aka ɗebo jinsunan halittu da tsarin ayarin abokan tafiya.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Amfani ga Wasa

Ba kowane kyakkyawan labari ne yake zama kyakkyawan tubali ba. Labarin da ya rataya a wuyan jarumi ɗaya wanda ƙaddara ta riga ta zaɓa yana mayar da sauran 'yan wasa 'yan kallo. Abin da jagora yake nema shi ne tushen da ke da kufai da ba a bincika ba, da sarakuna masu gaba da juna, da hanyoyin fatauci masu haɗari, domin kowane ɗan wasa ya sami abin yi. Dokar Vance ta karɓu ne saboda tana taƙaita ƙarfin matsafi, ta tilasta masa yin lissafi kafin ya shiga kogo. Duniyar Dragonlance ta 1984 ta yi farin jini ƙwarai, amma an soke ta da cewa tana jan 'yan wasa bisa tafarkin labarin da aka riga aka shata.

4.2 Daidaito

Miya ba ta daɗi don yawan kayan haɗi, sai don dacewarsu. Jagoran da ya gwama sihirin da ake samu a kowace kasuwa da talaucin duniyar Conan, inda sihiri abin tsoro ne da ba a cika gani ba, zai tarar duniyarsa tana ƙaryata kanta. Misali mafi kyau na daidaito shi ne Tékumel, wadda masanin harsuna M. A. R. Barker ya gina, TSR ta buga a 1975 da sunan Empire of the Petal Throne. Barker ya ɗebo daga al'adun Indiya da Gabas ta Tsakiya da Amurka ta Tsakiya, ya ƙirƙiro mata harshe mai nahawunsa, ta yadda sunayen mutane da na garuruwa suka fito daga tsatso guda. Wannan darasi ne ga masu nazarin harshe: suna shi ne abu na farko da ke tona asirin aron da ba a narkar ba.

4.3 Haƙƙin Mallaka

Wanda yake wasa da abokansa a gida yana iya ara daga inda ya ga dama. Da zarar an shiga ɗab'i, magana ta sauya. A 1977 masu riƙe da haƙƙin sarrafa ayyukan Tolkien suka yi wa TSR barazanar shari'a, dole kamfanin ya sauya sunayen wasu halittu, alal misali hobbit ya koma halfling. Haka kuma littafin Deities & Demigods na 1980 ya ƙunshi babuka biyu daga ayyukan H. P. Lovecraft da Moorcock, waɗanda kamfanin Chaosium yake da izinin amfani da su a wasa. Daga baya aka cire babukan. Tatsuniyoyin gargajiya da tarihi ba su da wannan tarnaƙi.

4.4 Mutunta Masu Al'ada

Wannan ma'auni shi ne ya fi nauyi. Littafin 1980 da aka ambata ya sanya wa abubuwan bautar Hindu lambobin ƙarfi kamar sauran dodanni, alhali miliyoyin mutane suna bauta masu. Duniyar Al-Qadim ta 1992, wadda aka gina bisa Dare Dubu da Ɗaya, ta kauce wa sanya Musulunci cikin wasa ta hanyar ƙirƙiro ƙasar Zakhara da aƙidunta na ƙage. Duk da haka ta dogara ƙwarai ga hoton Gabas irin na finafinan Amurka. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya liƙa wa tsofaffin littattafan gargaɗi cewa wasunsu suna ɗauke da son zuciya game da wasu al'ummomi. A 2022 kuma ya fitar da Journeys through the Radiant Citadel, wanda marubutansa suka ɗebo daga al'adun da suke da alaƙa da su. Ke nan tambayar da ke gaban jagora ita ce: daga bakin wa aka ji labarin al'ummar da ake ara?

5.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen tushe yana bisa ma'auni huɗu: amfani ga wasa, daidaito, haƙƙin mallaka da mutunta masu al'ada. Duniyoyin da suka ɗore su ne waɗanda aka zaɓi tushe kaɗan, aka san aikin kowanne, aka narkar da su wuri guda. Hanyar da Imam ya bi ke nan, har mai karatu ya manta cewa an aro wasu labaran. Akwai buƙatar nazari na gaba a kan yadda Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, masu cike da tafiye-tafiye da aljanu da yaƙe-yaƙe, za su tsaya idan aka auna su da waɗannan ma'aunai.