Dashen na'urar ji: Yadda fina-finan 'yan sanda a Amurka suka mayar da kurame masu kisa

A shekarar 2007, tashar NBC ta Amurka ta haska wani kashi na shirin Law & Order: Criminal Intent mai suna Silencer. An kashe wani likita a birnin New York da ya yi suna wajen dasa wa kurame na'urar ji, kuma bincike ya ƙare a kan wani saurayi kurma da ke tsoron budurwarsa za ta guje shi idan aka yi mata dashen.

Bayan shekara guda, shirin Cold Case na tashar CBS ya zo da irin wannan labari. Wani ɗalibin makarantar kurame ya yi dashen, sai amininsa, wanda shi ma kurma ne, ya hallaka shi saboda yana ganin ya juya musu baya.

Labaran ƙirƙira ne, amma taƙaddamar da aka gina su a kai gaskiya ce.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar kashi biyu ce. Ɗaya tana maƙale a bayan kunne tana ɗaukar sauti, ɗayar kuma sai an yi tiyata a dasa ta a ƙarƙashin fata, a zura siririyar waya cikin sashen kunne mai siffar katantanwa. Daga nan take aika saƙon lantarki kai tsaye zuwa jijiyar ji.

Ba ta mayar da mutum ya ji kamar kowa. Sai an ɗauki lokaci ana horar da ƙwaƙwalwa, kuma sakamakon yana bambanta daga mutum zuwa mutum.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a dasa wa manya a 1984, sannan yara daga shekara biyu a 1990. A kan yaran ne rigimar ta tashi.

Me ya sa kurame suka ja daga?

Kurame da dama a Amurka ba sa ɗaukar kansu marasa lafiya. Suna ganin su al'umma ce mai harshenta, wato maganar hannu, da makarantunta irin su Jami'ar Gallaudet da ke Washington.

Suna kuma da tabon tarihi. A 1880, wani taron malamai a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓe da furta magana. An shafe shekaru masu yawa ana hana yara harshen da ya fi musu sauƙi.

Ga shi kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame, iyayensu masu ji ne. Fargabar ita ce a yi wa jariri tiyata, a hana shi maganar hannu, idan kuma na'urar ba ta yi masa amfani sosai ba ya tashi babu wannan babu wancan.

Shi ya sa ƙungiyar kurame ta Amurka ta soki yi wa yara dashen a 1991. Amma a 2000 ta sassauta, ta amince iyaye na da 'yancin zaɓi, tare da neman kada a raba yaro da maganar hannu.

Inda fina-finan suka kauce

Ke nan lokacin da aka haska shirye-shiryen biyu, kurame sun riga sun fara sasantawa da na'urar. Marubutan sun ɗauko muhawara a kan harshe da makomar yara, suka mayar da ita kishi da zubar da jini, domin fim ɗin 'yan sanda ba ya tafiya sai da gawa.

Ba a rasa alheri ba. Kurame na gaskiya ne suka taka manyan rawa, ciki har da Deanne Bray da Shoshannah Stern, kuma miliyoyin masu kallo sun ga maganar hannu a matsayin cikakken harshe.

Sai dai mai kallon da bai taɓa zama da kurma ba zai iya tashi da tunanin cewa duk mai shakkar dashen maƙiyin ci gaba ne. Ga iyayen da likita ya shaida wa jaririnsu ba ya ji, wannan tunani na iya sa su guje wa mutanen da suka fi kowa sanin rayuwar da ɗansu zai yi.