Kyafa Talotalo a Amurka: Giya Ce Ke Gyara Nama Ko Ma'aunin Zafi Mai Haɗi da Waya?

Duk wanda ke yawo a YouTube ko TikTok a watan Nuwamba zai ci karo da bidiyon Amurkawa suna kyafa talotalo. Shiri ne na bikin Thanksgiving, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan. A irin waɗannan bidiyo ana yawan gardama kan wace giya ta fi dacewa da aikin. A yau za mu duba me giyar ke yi, sannan mu ga na'urar da ita ce ainihin mai riƙe da ragamar girkin.

Me ya kawo giya cikin maganar?

Naman ƙirjin talotalo ba shi da kitse sosai, yana saurin bushewa. Shi ya sa ake jiƙa shi cikin ruwan gishiri na tsawon dare, wasu kuma su ƙara giya a ciki, ko su zuba ta a tasar ruwa da ake ajiyewa cikin murhun. Masu yin hakan sun fi zaɓar lager ko amber ale, suna gudun IPA, domin furen hops ya yi mata yawa, yana barin ɗaci a nama.

Sai dai kusan kashi 90 na giya ruwa ne. Gishirin ne ke sa nama ya riƙe danshi, giyar ƙamshi kaɗan take ƙarawa. Kuma ga wanda ba ya ta'ammali da barasa, a sani cewa wuta ba ta korar ta gaba ɗaya: alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, USDA, sun nuna ko bayan awa biyu da rabi ana dafa abinci, kusan kashi 5 na barasar na nan. Ruwan tuffa da citta da tafarnuwa na iya maye gurbinta.

Inda haɗarin yake

Kyafa nama girki ne na wuta kaɗan, lokaci mai tsawo. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 4 zuwa 60 a ma'aunin Celsius. Don haka USDA ta ce zafin murhu ya tsaya tsakanin digiri 107 zuwa 149, cikin naman kuma sai ya kai digiri 74 kafin a ci. Ido ba ya iya tantance wannan, domin hayaƙi na sa nama ya yi ja-ja ko da ya nuna sarai.

Yadda na'urar ke aiki

Ma'aunin zafi marar igiya kamar tsinken tsire yake, amma na ƙarfe. Misali shi ne MEATER, wanda kamfanin Traeger ya saya a 2021. Yana da majiya zafi iri biyu: na bakin tsinken yana auna cikin nama, na gindinsa yana auna iskar murhu. A cikinsa akwai ƙaramin batir da guntun Bluetooth da ke aika alƙaluma zuwa manhajar waya.

Manhajar tana lura da saurin hawan zafi, ta kwatanta shi da zafin murhu, ta lissafa sauran lokaci. Shi ya sa da farko hasashenta kan yi ta canzawa, sai bayanai sun taru yake daidaita. Takan kuma ce a sauke nama kafin ya kai adadin ƙarshe, saboda zafin waje na ci gaba da ratsawa ciki bayan an sauke. Duk da haka, a tabbatar ya kai 74 kafin a yanka.

Abin dubawa kafin saye

Na farko, nisan sigina. Bluetooth na aiki a zangon 2.4 GHz, kuma murfin ƙarfe na danne shi. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne ba shinge. Nemi wanda akwatin cajinsa ke ƙara wa sigina ƙarfi, ko mai WiFi.

Na biyu, iyakar zafi. Batirin na ɓoye ne a ɓangaren da ke shiga nama, don naman ya kare shi. Idan ba a soka tsinken har layin da aka yi wa alama ba, wuta za ta lalata shi.

Na uku, gwaji. Cika kofi da ƙanƙara da ruwa kaɗan, ka tsoma bakin tsinken. Ya kamata ya nuna kusan digiri 0. In ya yi nisa da haka, kada ka dogara da shi.

Na huɗu, Fahrenheit. Yawancin bidiyon Amurka da shi suke magana. In ka ji sun ce 165, digiri 74 ke nan a Celsius. Duba saitin manhajarka tun kafin ka hura wuta.

A ƙarshe, wurin soka tsinke ma na da muhimmanci: tsakiyar ƙirji inda ya fi kauri, ba tare da taɓa ƙashi ba. Kafin a sauke, a sake auna cikin cinya da fiffike, domin tsinke ɗaya labarin wuri ɗaya kawai yake bayarwa.