Karsanar da aka haifa tagwaye da namiji: me ya sa ba ta ɗaukar ciki?

A rangadin rigakafin bana, a wata ruga arewa da Dakwaro, wani dattijo ya jawo mini wata karsana Azawak mai shekara huɗu. Jikinta ya yi kyau, amma ba ta taɓa neman sa ba. Ya ce: "Likita, duba mini ita, na gaji da magani." Na ce: "Baba, ita kaɗai aka haifa?" Ya ce a'a, tagwaye ne, ɗayan namiji, ya saida shi bara. Daga nan na gane inda matsalar take. Ba sammu ba ne, ba kuma yunwa ba.

Jikin kowace dabba an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa a nannaɗe, ana ce musu kuromozom, su ne ke ɗauke da gadon uwa da uba: launi, ƙaho, yawan nono. Saniya tana da 60, 30 daga uwa, 30 daga uba. Akuya ma 60, tunkiya 54, raƙumi 74. Doki yana da 64, jaki 62, shi ya sa alfadari ya tashi da 63, ba su haɗuwa biyu-biyu, ba ya haihuwa. Biyu daga cikin zaruruwan nan su ke raba mace da namiji: mace tana da X biyu, namiji X ɗaya da Y ɗaya.

To, idan saniya ta ɗauki tagwaye, tun ciki bai kai wata biyu ba jijiyoyin jinin mabiyiyarsu sukan haɗe. Jinin namijin ya riƙa shiga jikin macen, tare da sinadaran da ke gina namiji, sai mahaifarta da ƙwanta su tsaya ba su ƙarasa ba. Fiye da tara cikin goma na irin waɗannan karsana juya ne har abada. Idan tagwayen duka mata ne, babu komi. A awaki abin ba ya cika faruwa, don haka mai jar akuyar Maraɗi da ke haifar biyu-biyu ya kwantar da hankalinsa.

Yaya ake tabbatarwa a laboratwar? Ana ɗibar jini daga jijiyar wuya a zuba a ƴar kwalba mai maganin hana daskarewa. Fararen ƙwayoyin jinin ake bukata. A sa su cikin ruwan abinci mai ɗumin jiki kamar kwana uku, su yi ta rabuwa, domin sai ƙwaya na shirin rabuwa ne zaruruwan ke dunƙulewa su yi kaurin da za a iya gani. Daga nan a ɗiga wani magani mai suna kolshisin ya tsaida su cak a wannan hali. A jiƙa su da ruwa mai ƙarancin gishiri su kumbura, a ɗiga bisa gilashi su fashe, zaruruwan su baje kamar an watsa hatsi a tabarma. A rina da shuni, a duba da madubin likita mai ƙara girma sau dubu.

Na shanu suna da daɗin dubawa. Guda 58 ƙugunsu yana can a ƙarshe, kamar hantsaki, X kuwa babba ne mai hannu biyu, ba ya ɓoyuwa. Y na shanunmu masu tozo, Azawak da Bororo, ƙarami ne, yana kama da sauran, don haka X ake ƙirgawa. Idan a jinin karsana guda aka ga wasu ƙwayoyi da X biyu, wasu da X ɗaya, jinin ɗan uwanta ne ya zauna a jikinta. Akwai kuma hanya mafi sauri, PCR, wadda ke neman alamar Y kai tsaye cikin jini.

Gaskiya, a ganina ba kowa ne zai kai jini birni saboda karsana ɗaya ba, kuma ba dole ba ne. Ma'aikacin kiwo na iya auna zurfin farjin maraƙa tun tana ƙasa da wata ɗaya, da ƴar kwalba mai tsabta da santsi. Lafiyayya takan kai santimita 13 zuwa 15, juyar kuwa 5 zuwa 8 hanya ta toshe. Kada ku gwada da kara ko tsinke, za ku ji mata rauni. Abin da nake roƙon ƴan ƙungiya shi ne a rubuta duk haihuwar tagwaye a littafin garke, kuma mai sayen karsana a kasuwa ya tambaya.

Dattijon nan ya yi shiru, yana lissafin dusa da harawar rani huɗu. Muka shawarta ya sa ta a turka, tunda irinsu suna yin nama da kyau, ya saida ta ya sayi wata mai ciki.