Tsirkiya Mai Rufi da Malamin YouTube: Abin da Mai Koyon Jita Ya Kamata Ya Sani

A ɗakunan kwanan ɗalibai ba ka rasa jita guda jingine bayan ƙofa, ta sha ƙura. Mai ita ya saya da zumuɗi, ya bi darasin bidiyo wata biyu, ya yanke hukuncin cewa shi ba shi da baiwa. Ni kuwa bayan shekara uku ina koyo ta waya, tsakanin makaranta da garinmu Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari, abin da na lura shi ne sau da yawa ba hannun mutum ne da laifi ba. Tsirkiyarsa ce ta mutu, kuma malamin da ke cikin bidiyo ba ya jin sautinsa balle ya gaya masa.

Jita tana da tsirkiya shida. A ta katako mai wayar ƙarfe, biyun da suka fi siranta zallan ƙarfe ne, sauran huɗun kuwa an naɗe su da siririyar wayar tagulla. Tsakanin naɗin nan akwai 'yan ramuka, nan gumi da maiƙon hannu da ƙura suke maƙalewa. Gishirin gumi yana cin ƙarfe, datti kuma yana hana tsirkiya karkarwa yadda ya kamata. Sai sauti ya dushe, ya riƙa mutuwa da wuri, saiti ya ƙi zama. Ka ɗaure daidai, ka danna daidai, amma abin da ke fita bai yi kama da na bidiyo ba.

Yanzu ka kawo yanayinmu. A bazara, wajen Afrilu, zafin Sakkwato yana haura digiri 40, hannu ba ya bushewa. Hunturu ya zo da ƙurar da ko cikin akwati tana shiga. Damina kuma ta kawo laima, tsatsa ta samu wuri. Malamin da ke ɗaukar darasi cikin ɗaki mai sanyi a Ingila ko Amurka, lissafinsa na tsawon ran tsirkiya ba namu ba ne.

Wannan matsala ce ta haifar da tsirkiya mai rufi. A 1997 kamfanin W. L. Gore na Amurka, mai yin yadin Gore-Tex, ya fito da samfurin Elixir, inda aka lulluɓe tsirkiyoyi masu naɗi da wata siririyar roba, dangin wadda ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa. Rufin yana toshe ramukan, gumi da ƙura su tsaya a waje. Daga baya D'Addario da Ernie Ball da wasu suka fito da nasu. Amfani na biyu, ƙarar "ƙiii" da yatsa ke yi in ya zame a kan tsirkiya tana raguwa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ta fi tsada sosai. Wasu na jin santsinta ya yi yawa, wasu na cewa sautinta bai kai na sabuwar tsirkiya marar rufi kaifi ba. Rufin yakan fara ɓarewa a inda ake yawan kaɗawa. Kuma rufi maganin datti ne kawai, ba ya hana tsinkewa. Ga jabu sun cika kasuwar intanet, don haka in ka ga farashin ya yi araha fiye da hankali, ka ja baya.

To, ta cancanci kuɗin ɗalibi? Ga yadda nake lissafi. Kada ka duba kuɗin kwali, ka duba watannin da za ta yi maka, ka haɗa da kuɗin mota. Wanda ke cikin birnin Sakkwato zai iya neman sabuwa ko ya yi oda. Ni in na tafi hutu gida, tsirkiya ta mutu, sai na biyo hanyar Shagari da Bodinga zuwa birni, ko na haƙura har a dawo makaranta. Ga irina, da mai yawan gumin hannu, mai rufi ta fi riba. Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba, ya sayi marar rufi, ya wanke hannu kafin ya taɓa jita, ya goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle in ya gama, ya mayar cikin jaka. Sabon shiga ya nemi lamba 10 ko 11 maimakon 12, ta fi taushi kafin yatsu su yi kanta. Gargaɗi guda: in jitarka mai tsirkiyar nailan ce, kada ka kuskura ka sa mata ta ƙarfe, jan zai iya lanƙwasa wuyanta.

Mu koma kan malamin bidiyo. Mai koyon gurmi ko garaya a gargajiyance yana zaune ne gaban maigidansa, in ya kauce a ce masa sake. Bidiyo ba ya cewa sake. Saboda haka kai ne za ka zama kunnen kanka. Kafin kowane darasi ka saita tsirkiyoyin da manhajar saiti, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Ka zaɓi malami guda mai darasi a jere, irin Justin Sandercoe na JustinGuitar, wanda darussansa na farko kyauta ne, ka bi shi daki-daki maimakon tsalle daga wannan tasha zuwa waccan. YouTube yana ba ka damar rage gudun bidiyo zuwa rabi, ka ga inda kowane yatsa ya sauka. Ka sauke darasi lokacin da data ke araha, ka kalla ba tare da intanet ba. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Sannan duk mako ka naɗi kiɗanka a waya ka saurara, ka kwatanta da na malamin. In yatsunka na daidai amma sautin a dushe yake, ka tuhumi tsirkiya kafin ka tuhumi kanka.

Kada kowa ya ce maka koyo ta allo wasa ne. Bombino na yankin Agadez a Nijar ya goge hannunsa yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler tare da abokansa, har kundinsa Deran ya shiga takarar Grammy a 2019. Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko, Anar, a nan Sakkwato aka naɗe shi a 2008, ya bazu a Sahel ta katin waya da Bluetooth. Abin lura, dukansu sun ɗauki dabarar waje ne suka zuba cikin kiɗan gida. Mu ma in malamin ya kai ka darasin sikeli mai sauti biyar, ka tsaya nan ka daɗe, domin yawancin karin kiɗan Hausa a kansa yake tafiya. Ka gwada lalubo amshin wata waƙar da ka taso kana ji a kan tsirkiya guda, za ka sha mamaki.

Don haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, in akwai jita bayan ƙofarku, ɗauko ta yau. Ka ja farin ƙyalle a ƙarƙashin tsirkiya mai kauri. In ya fito da baƙin layi, ka san inda za ka fara. Amma don Allah, lokacin jarrabawa a tausaya wa abokan ɗaki.