Don Me Kyanwa Take Goga Fuskarta A Kayan Ɗaki?

Duk gidan da ake kiwon kyanwa an san wannan hali nata. Takan zo ta goga kumatunta a ƙafar kujera, ta wuce ta goga a jikin turmi, ta bi bakin ƙofa, daga nan sai ga ta tana zagaya ƙafafun uwargida. Waɗansu sukan ce ƙazanta ce, su kai mata duka da muciya. Waɗansu kuwa tsoro ne yake kama su, gama sun taso suna jin ana cewa mayu sukan rikiɗa su zama mage. Ta haka gidaje da yawa suka kori kyanwarsu, kafin kaka ta zagayo ɓera ya mai da rumbu gidansa. Ya kamata mu san dalilin abin tukuna, sa'an nan mu ga inda ya dace a hana ta, da yadda za a yi ba tare da zalunci ba.

Sa hannu ne irin nata

Allah ya halicci kyanwa da waɗansu ƙananan gurabe a ƙarƙashin fatarta, waɗanda suke fid da wani ɗan maiƙo. Suna nan a kumatu, da haɓa, da gefen leɓe, da goshi, da tafin ƙafa, da gindin wutsiya. Maiƙon yana da ƙanshin da hancinmu ba ya ji, amma hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba. Masana suna kiransa feromon. Sa'ad da ta goga fuska a turmi, ƙanshin nan take bari. Gobe in ta sansana ta ji shi, sai hankalinta ya kwanta, ta san a gida take. Kamar yadda uwargida takan sa alama a gindin kwanonta kafin ta kai shi gidan biki, haka ita ma take yi wa kayan ɗaki alama.

A shekarun 1990 wani likitan dabbobi na ƙasar Faransa, Patrick Pageat, ya bincika wannan maiƙo. An rarrabe shi kashi 5. Ɗaya shi ne wanda take bari a jikin kaya, wani kuma shi ne wanda take shafa wa 'yan'uwanta da mutanen da ta amince da su. Har an kwaikwayi na farkon, ana sayar da shi da sunan Feliway domin kwantar wa kyanwa da hankali a sabon wuri. Ashe ke nan goge-gogen ba alamar mugunta ba ne. Kyanwar da ta tsorata ɓuya take yi. Wadda ta sake da kai ita ce take goga maka fuska.

Shi ya sa takan ƙara yi in an sayo sabuwar tabarma, ko an shigo da buhu daga kasuwar Shuwarin, ko maigida ya dawo daga tafiya da ƙanshin wani gari a rigarsa. Baƙon abu ne ya shigo, tana so ta mai da shi na gida.

Me za mu rasa in muka kore ta?

Rumbu ne ya haɗa mutum da kyanwa tun farko. Kakanninta kyanwoyin daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka zo, kyanwa ta biyo su. A shekara ta 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Aikin da ta yi wa mutanen dā shi take yi har yau a Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, inda gero da dawa da gyaɗa da riɗi su ne arzikin gida. A Dutse kuma duwatsun da suka kewaye gari suna cike da kogunan da ɓera yake samun mafaka.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa ta ƙasar Borno. Aka kai ta asibitin mishan na Jos, a can ta rasu. Likitar da ta duba ta, Jeanette Troup, ita ma cutar ta ɗauke ta a 1970. Daga baya aka gano cewa wani irin ɓera mai nonna da yawa shi ne yake ɗauke da cutar, yana barinta cikin abinci ta fitsarinsa da kashinsa. Wannan shi ne zazzaɓin Lassa, ya fi yawa kuwa da rani. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar domin kāre gida akwai rufe abinci, da tsabta, da kuma kiwon kyanwa. Wanda ya kori kyanwarsa don ta goga fuska a kujera ya kori mai gadinsa ne.

Inda ya dace a hana ta

Ba wanda zai iya raba kyanwa da wannan hali, gama halitta ce. Duka ba ya koya mata kome sai tsoron mai dukan. Wanke wurin kullum ma ba ya hana ta, gama da zarar ƙanshin ya tafi sai ta zo ta sabunta shi. Saboda haka a bar mata bakin ƙofa, da ƙafar gado, da gindin bishiya. Amma bakin da take gogawa shi ne ya kama ɓera jiya da dare, don haka akwai wuraren da ba nata ba ne: randa da moɗa, kwanonin abinci, dutsen niƙa, da shimfiɗar jariri.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka abin yake da kyanwa, gyaran yana hannunmu. A yi wa randa murfi mai nauyi, a rataye moɗa a sama. A kife kwanoni bayan wanke-wanke, a kife turmi ko a rufe shi da faifai. A ja ƙofar ɗakin girki da dare. A ajiye ɓawon lemo kusa da abin da ba a so ta taɓa, gama yawancin kyanwoyi ba sa son ƙanshinsa. Sa'an nan a kafa mata wani guntun itace a tsakar gida, a ɗaura masa tsohon buhu ko tsumman da take kwanciya a kai, a riƙa ba ta abinci kusa da shi. Nan za ta riƙa gogawa, nan za ta wasa farcenta. In aka gan ta ta nufi randa, sai a ɗauke ta a hankali a kai ta wurin itacen. Kowa a gidan ya yi haka, har yara, kada wani ya hana wani ya bari.

Kada a yi amfani da barkono, ko kananzir, ko fiya-fiya. Za ta lashe su daga gashinta su cutar da ita, tana ma iya mutuwa, yaran da suke rarrafe kuma suna cikin hatsari. Kada kuma a ba ta farasitamol ko kaɗan, guba ne a gare ta.

Lokacin da za a nemi likitan dabbobi

Akwai goge-gogen da ciwo ne. In tana goga gefe ɗaya ba hutawa, tana girgiza kai tana sosa kunne, mai yiwuwa ƙwari ne a kunnen. In yawu yana zuba ta kuma ƙi abinci, a duba haƙori. In ta dafa kai a bango ta tsaya cik, wannan ciwo ne mai tsanani, a hanzarta. In gashi ya zube ya bar da'ira a fata, makero ne, yana kuwa kama yara. Muzurun da yake fesa fitsari a bango shi ma alama yake yi, dandaƙa takan rage wannan. A kai kyanwa a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wanda ta ciza ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, gama akwai cutar da take bi ta nan ta taɓa ɗan da yake ciki. Ɓeran da ta kashe kuma kada a ɗauka da hannu, a kwashe da shebur a binne.

Mu da muke na Kristi

A cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki ba a ambaci kyanwar gida ba, balle a ce ta Shaiɗan ce. Amma Farawa sura 1 ta nuna mana cewa Allah ne ya yi dukan dabbobi, ya kuma danƙa su a hannun mutum. Karin Magana 12:10 ta sa kula da dabba cikin halayen adali. Maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaukar kyanwa dabba ce mai tsarki, suna tausaya mata. Abin kunya ne su ga gidan mai bi ne ake jifanta saboda tsoron maita, alhali muna shaida cewa Ubangiji ne mai tsaronmu.

Iyaye, yara suna kallonmu. Yaron da ya ga ana dukan abin da ba ya iya kai ƙara, haka zai yi wa ƙanensa. Mu koya musu su rufe randa, su wanke hannu bayan sun yi wasa da kyanwa, su zuba mata ruwa a kaskonta da zafin rana. 'Yan Zumuntar Mata kuma za su iya tattauna wannan a taronsu na gaba, kafin a kai amfanin gona rumbu.