FAIFAI KO INTANET: INA KUƊIN MAI KALLON FIM SUKE TAFIYA?

Ranar kasuwa, in mutum ya ratsa ta layin masu rediyo da cocila a Maraɗi ko Damagaram, zai lura da wani abu. Teburan da a da suke cike da faifan fim sun ragu ƙwarai. A wurinsu yanzu saurayi ne zaune da kwamfuta da tarin wayoyin caji, ana miƙa mashi salula yana zuba fim a ciki. Wasu ma ba su zuwa kasuwar: suna kwance a gida, fim yana iske su ta intanet. Magidanta da yawa suna tambaya ko lokaci ya yi da za a jingine injin faifai, ko kuwa a ƙara riƙe shi. Tambayar ba ta wasa ba ce, don kuɗin cefane take taɓawa.

Kallon hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a karkarar Nijar. Tun 1964 aka fara telebijin ta lekol, kuma bayan an buɗe Tele Sahel gwamnati ta kai akwatunan tele na jama'a cikin ƙauyuka, masu aiki da hasken rana. Dattawa suna tune da yadda gari duka kan taru gaban akwati guda bayan sallar isha'i. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya shigo. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe, kaya suka riƙa ƙetaro iyaka ta Jibiya da Maimujiya. Kaset ya ba faifan sidi wuri, sidi kuma ya ba DVD.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Hanyoyin biyu sun bambanta tun daga tushe. Faifai kamar rumbu ne: fim ɗin duka yana ciki, an zuba shi sau ɗaya, injin yana karanta shi da wani siririn haske. Ba ya bukatar rezo, ba ya bukatar kati. Wuta kawai yake so. Kallo ta intanet kuwa kamar famfo ne. Fim ɗin yana ajiye cikin manyan kwamfutoci a wata ƙasa, ana turo shi kaɗan-kaɗan lokacin da ake kallo. In rezo ya yanke, hoto ya tsaya. In an so a sake kallo gobe, sai an sake jawo shi, a sake biya.

Shi kuma hoton da ake cewa mai tsabta, wanda ake rubuta HD a jikin kwalin tele, lissafi ne na ɗigo. Kowane hoto ƙananan ɗigo ne aka jera. Sidi na bidiyo yana da ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye. Shi ya sa fuskar ɗan wasa take fitowa dishi-dishi. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, yana da 720 da 576. Cikakken HD yana da 1920 da 1080. Na samansa, wanda ake kira 4K, ya ninka wannan sau huɗu.

Yawan ɗigo yana son wuri mai faɗi. DVD na yau da kullum yana ɗaukar jiga 4.7. Don haka aka ƙera wani faifai, Blu-ray, a 2006, mai ɗaukar jiga 25 ko 50, sannan a 2016 aka fito da ƙanensa na 4K wanda ke kai jiga 100. A ido duk kamarsu ɗaya, amma injin DVD ba ya karanta Blu-ray. Wanda ɗansa ya aiko mashi da irin wannan faifai daga waje, kada ya zargi injinsa da lalacewa.

WANNE YA FI KYAUN HOTO?

A nan babu gardama: faifan Blu-ray ya fi. Dalili kuwa shi ne matsi. Kafin a turo fim ta intanet sai an matse shi, an zubar da wani abu daga cikin hoto da sauti don ya bi ta ƙaramar hanya. Blu-ray yana iya ba tele megabit 40 na hoto cikin daƙiƙa guda. Kamfanin Netflix na Amurka kuwa megabit 5 yake cewa ya isa don kallon HD ɗinsa. Ɗigon ɗaya ne a lissafi, amma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne, kamar ƙwaryar nono biyu ce, guda an ƙara mata ruwa. Ana gane haka wurin duhu. In labari ya kai dare, ko hayaƙi ya tashi, ko ana gudu da doki, sai hoton intanet ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai. Kuma in rezo ya yi rauni, injin da kansa yake rage kyaun hoton ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Sai dai wannan fifiko na mai babbar tele ne. A fuskar salula, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ido ba ya raba HD da abin da bai kai shi ba sai da ƙyar. Ga kuma wata gaskiya: fim ɗin Hausa bai taɓa yin kasuwa a Blu-ray ba. Daga DVD ya tsallaka zuwa waya. Saboda haka ga mai kallon fim ɗin Kano, hoton da yake samu a YouTube, ranar da rezo ke da ƙarfi, ya fi na faifan da ya saba saye nesa ba kusa ba.

LISSAFIN JIGA

Ga inda magidanci ya kamata ya buɗe kunne. Bisa lissafin Netflix, awa guda ta kallo tana cin wajen jiga 1 in hoton na yau da kullum ne, tana kai jiga 3 in HD ne, tana kai 7 in 4K ne. Ke nan fim guda mai awa biyu yana iya lashe jiga 6. Kowa ya san nawa yake sayen jiga wurin Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom. Sai ya ninka, ya kwatanta da kuɗin tiyar hatsi a kasuwar garinsu. Iyalin da ke bin shiri mai dogon zango kowane mako, shekara duka, lissafinsu zai ba su mamaki. Matsalar ita ce kuɗin ba su fita gaba ɗaya. Dala ashirin yau, dala arba'in jibi, ba a jin zafinsu sai wata ya ƙare.

Maganin yana cikin wayar. Kowane shiri na kallo yana da wurin da ake zaɓen girman hoto. In an mai da shi 360 ko 480 maimakon 1080, cin ya ragu ninki da yawa, kuma a salula hoton yana nan ras. Yaran gida sun san wurin; a sa su gyara shi.

Faifai kuwa sau ɗaya ake biyansa. A kalla yau, a kalla da salla, a ba maƙwabci aro, amarya ta tafi da shi ɗakinta. Amma yana son tele da inji, su kuma suna son kuran. Alhali wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, a karkara kuma abin bai kai ko kusa da haka ba. A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, har birane sun ɗanɗana. Salula ita ko da ƙaramin faranti na hasken rana ta ƙoshi. Wannan, fiye da komi, shi ya kashe kasuwar faifai a ƙauye.

ABIN DA KE HANNU, DA ABIN DA KE WURIN WANI

A ƙasashen Turawa ma faifai yana ja da baya. Netflix da kansa da aika faifan DVD ta gidan waya ya fara a 1998. Ya soma turo fim ta intanet a 2007, a watan Janairu na 2016 ya buɗe ma ƙasashe 130 a rana guda, har da Nijar, sannan a watan Satumba na 2023 ya aika faifansa na ƙarshe. Kamfanin Samsung ya bar ƙera sababbin injunan Blu-ray tun 2019.

Duk da haka akwai masu riƙe da faifai gam, kuma suna da hujja. Wanda ke biyan kuɗin wata don kallo bai mallaki komi ba, haya yake yi. Fim yana nan yau, gobe yarjejeniyar kamfani da mai fim ta ƙare, an cire shi. Ko abin da aka ce an saya bai tsira ba. A watan Disamba na 2023 kamfanin Sony ya sanar da cewa zai share wasu shirye-shiryen Discovery daga hannun mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin ya janye. Ba a taɓa jin kamfani ya shiga ɗakin mutum ya ɗauke faifai daga cikin adaka ba.

Wannan ya shafi Hausawa kai tsaye. Fina-finan da aka yi zamanin kaset da sidi, da wasannin kwaikwayo, da faifan makaɗa da na wa'azi, da yawansu ba su hau intanet ba, waɗanda suka hau kuma wasu guntaye ne marasa kyau. Ta yiwu kwafin da ya rage na wani fim yana cikin kwalin wata tsohuwa a Tasawa ko Madawa. Haka faifan biki da na suna da aka ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce: babu kamfanin da ya ajiye ma kowa su.

HANYA TA UKU

A gaskiya abin da ya ci kasuwar ƙauye ba intanet ba ce kai tsaye, ƙaramin katin ajiya ne na cikin salula. Mai turi shi ke jawo fim sau ɗaya a birni, ya zuba ma mutum ɗari da ƴan kuɗi kaɗan. Babu cin jiga, babu tsayawar hoto, ana kallo a gona ko a bakin rijiya. Ga manomi da makiyayi babu abin da ya fi wannan sauƙi.

Sai dai akwai wanda ke biyan bashin. Lokacin faifai, ko da satar fasaha ta yi yawa, wani abu yana komawa ga wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim. Ta hanyar turi kuwa, in ba da yarjejeniya ba, ko tamma ba ta isa gare shi. Da kasuwar faifai ta faɗi a Kano, masu shirya fim da yawa sun koma yin shiri mai dogon zango, suna sa shi a tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ko a YouTube, inda talla ke biyansu gwargwadon yawan masu kallo. Izzar So da Labarina, waɗanda suka fara a 2020, ta nan suka shiga gidajen Tawa da Yamai. Wannan ne ma ya sa labari ba ya ƙarewa da wuri yanzu: kowane mako sabon kashi, don kowane kashi kuɗi ne.

GA MAI FAIFAI A GIDA

Rana da ƙura su ne abokan gabar faifai, Nijar kuma tana da su a wadace. A ajiye shi a tsaye cikin gidansa, a inuwa, nesa da kwanon rufi. A riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar da ke ƙyalli. In za a goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Lokacin hunturu a rufe injin da zane, don ƙura ce ke makantar da idonsa.

A kuma sani faifai iri biyu ne. Wanda aka buga a masana'anta yana daɗewa. Wanda aka ƙona a kwamfutar shago, mai shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda a ƙasa, rini ne a jikinsa, zafi da haske suna cinye shi a hankali. Faifan biki da na suna duk irin wannan ne. Wanda ke da su ya kai a kwafe mashi tun suna karantuwa, a zuba a wuri biyu, don katin ajiya shi ma yana mutuwa dare ɗaya ba sallama, kuma jabunsa sun cika kasuwa. In an sayi sabon kati, a cika shi a gaban mai shago, a buɗe fim na farko da na ƙarshe a gani kafin a biya.